Me ya sa ake ƙin ware shara a gida, alhali ana sayar da gwangwani?

Malama daga Gwale ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman 'yan'uwa su taimaka mini da fahimta a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai tun daminar bara. Ni malamar firamare ce, ina zaune a gidan haya da muke iyali shida a cikin birnin Kano. A watan Agusta ruwa ya shigo mana tsakar gida har ya kai dokin ƙofar ɗakuna, kuma da samarin layinmu suka shiga kwata da shebur washegari, abin da suka yi ta fitarwa daga ƙarƙashin kwalbati shi ne ledar fiya wata da baƙar leda da robobin lemo, sun cure wuri guda da laka kamar an danna su da gangan. Na tsaya ina kallo, kuma ban yi shakka ba cewa wasu daga cikinsu daga gidanmu suka fita.

Bayan haka sai na tara matan gidan muka yi magana. Na sayo buhu biyu na rataye a lungun bayan ƙofa, ɗaya na robobi da gwangwani, ɗaya na leda, sannan na ajiye bokiti mai murfi domin ɓawon doya da ragowar abinci, tunda akwai maƙwabcinmu mai awaki da ya ce yana so. Kowa ta amsa da to. An yi mako biyu abin yana tafiya, daga nan sai na fara tarar da toka a buhun leda, wata rana kuma ƙunzugun yara a buhun robobi. Da na yi magana a hankali, ɗaya daga cikinsu, wadda muke mutunci ƙwarai, ta ce da ni: "Malama, mu fa ba 'yan bola ba ne." Mijin wata kuma ya aiko cewa ba zai yarda a mayar masa da ƙofar ɗaki juji ba. A mako na shida na sauke buhunan da hannuna domin kada zaman lafiyar gidan ya lalace.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, waɗannan matan su ne waɗanda da sun ji muryar ɗan gwangwan a layi za su tura yaro da tsohuwar tukunya ko ɓallallen ƙarfen gado. Su ne suke wanke robobin lemo su tara wa mai kunun aya da mai zoɓo. Ƙanzo da dusa ba sa kaiwa bola a gidanmu, kuma tsohon zane sai ya zama tsumman goge ɗaki kafin a rabu da shi. Ashe ke nan sun san amfanin ware abu da sake amfani da shi. To mene ne ya sa da aka ce a yi shi a tsare, da buhu da suna, sai ya zama abin ƙi? Kuskuren daga wajena yake, ko akwai wani abu a tunanin mutanenmu game da shara da ban gane ba? Ina so in sake gwadawa kafin ruwa ya sauka, amma ba na so in maimaita abin da ya faru.

Tsohon Duba-gari ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malama, Allah ya saka miki da alheri a kan wannan niyya. Na yi aikin duba-gari shekaru masu yawa kafin in yi ritaya, kuma tambayar da kika yi na daɗe ina juya ta a raina.

Sai an fara tuna yadda shara take a da kafin a gane halin da ake ciki yau. Lokacin da muke yara, abin da ake sharewa daga gida toka ne da kashin awaki da ƙaiƙayi da ɓawon gyaɗa da ganyen da aka ƙunso abinci. Cefane a kwando ake zuwa da shi, mai a kwalba, fura a ƙwarya, ƙosai a takarda. Duk abin da aka zuba a juji ruɓewa yake yi, kuma da rani manoman ƙauyukan da ke kewaye da Kano suna shigowa da jakuna ɗauke da itace, su sayar, su cika mangala da wannan shara su koma da ita gona a matsayin taki. Juji a lokacin dukiya ne, yana da mai shi, har rigima ake yi a kansa. Saboda haka al'adar tattara komai a zuba wuri ɗaya daidai take a zamaninta, domin babu abin da zai ɓata wani a ciki. Daga baya leda ta yawaita, fiya wata ya shigo a shekarun 1990 ya mamaye ko'ina, sai sharar ta sauya amma hannun da ke zuba ta bai sauya ba. Har gobe manoma suna ɗibar shara su kai gona, sai dai yanzu idan kika bi ta gonakin bayan gari da bazara za ki ga leda tana kaɗawa a kan kunya kamar an shuka ta.

Abu na biyu ya shafi irin aikin da muka yi, kuma ina faɗinsa da sanin cewa ina cikin waɗanda suka yi shi. Tun zamanin Turawa, maganar tsafta da sanda ta zo wa talaka. Duba-gari ya shiga gida, ya leƙa randa, ya ga ƙwayayen sauro, ya rubuta sammaci. Sannan a 1984 aka zo da yaƙi da rashin ɗa'a, wanda daga cikinsa aka gaji tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata, wadda har yanzu a Kano ake hana zirga-zirga dominta daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe. An samu amfani, ban musa ba. Amma abin da mutane suka koya shi ne tsaftar waje umarni ne na hukuma, ana yin ta idan ana kallo, ana barin ta idan an ɗauke ido. Kuma sau nawa aka yashe kwata aka tara dattin a bakin titi, ya kwana ya wuni babu wanda ya kwashe, har ruwa ya zo ya mayar da shi inda aka ciro shi? Mutumin da ya ga haka sau goma, idan kika ce masa ya ware leda daban roba daban, abin da zai fara tambayar kansa shi ne wa zai zo ya ɗauka, kuma ina za a kai. Ban ga amsar wannan a bayaninki ba, musamman game da buhun leda.

Na uku, kuma a ganina shi ne ya fi nauyi a gidanku, shi ne ma'anar tsafta a wurin matanmu. Mace mai tsafta a idon jama'a ita ce wadda ta share ɗakinta da tsakar gidanta da sassafe, ta fitar da sharar nan take. Darajarta tana cikin saurin rabuwa da datti. Ke kuma kin zo kin ce a ajiye shi mako guda a rataye a inda baƙuwa za ta gani idan ta shigo barka ko gaisuwa. A wurinki tsari ne, a wurinsu kuwa ƙazanta ce da aka ba wa masauki. Tsohuwar tukunya da robar lemo da aka wanke ba sa cikin wannan hukunci, domin a ransu waɗannan kaya ne masu kuɗi, ba su taɓa zama shara ba. Da zarar abu ya shiga kwandon shara sunansa ya sauya, kuma mai taɓa shi ma sunansa ya sauya. Wannan ne ma'anar maganar da maƙwabciyarki ta faɗa miki.

Dillalin Jari-bola ya amsa:

Baba ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara girma. Ni kuma zan yi magana daga bakin sikeli, domin wannan ce sana'ata fiye da shekara goma, kuma da ita na yi aure nake ciyar da iyali.

Malama, duk abin da yake da farashi mai kyau ba ya kwana a bola. Jar waya, dalma, ƙarfe, tsohon batirin mota, waɗannan tun daga cikin gida ake tsare su. Gwangwanin lemo yana da daraja domin narka shi a sake ƙera wani abu yana cin kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai na wutar da ake buƙata wajen samar da sabo daga ma'adini, shi ya sa kamfanoni suke nemansa, kuma maƙeran Panteka a Kaduna da irinsu a sauran garuruwa suke zuba tukwane da ludaya da shi. Roba mai kauri, irin ta fasasshen bokiti da kujera da jarka, ita ma tana da kasuwa. Muna ware ta bisa launi da iri, a niƙa ta a inji, a wanke, a shanya, a kai masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai, ta dawo a matsayin buta ko baho ko silifa. Idan kika duba gindin roba za ki ga lamba a cikin alama mai kusurwa uku. Lamba 1 ita ce ta gorar ruwa da lemo, lamba 2 ta jarka, lamba 5 ta yawancin bokitai, kuma ba a haɗa su a narka tare, domin kowace da zafin da take narkewa. Buhu guda da aka cakuɗa yana iya ɓata aikin yini.

Matsalar gorar ruwa ita ce rashin nauyi. Sai an tara wajen hamsin kafin su yi kilo ɗaya, ga cin wuri. Mace za ta cika ƙaton buhu, ta yi mako uku tana kaffa-kaffa da shi, a ɗora a sikeli a ba ta abin da bai kai kuɗin cefanen miya ɗaya ba. Idan ta sayar wa mai zoɓo ɗai-ɗai da murfinsu ta fi samun riba, kuma ta san haka. Ita kuwa leda ta fi kowa rashin gata. Akwai masu sayen ledar fiya wata idan busasshiya ce, babu ƙasa babu maiƙo, kuma an tara da yawa. Amma baƙar ledar da aka ƙulla miya ko manja a ciki, wankinta ya fi kuɗinta, babu yaron da zai sunkuya ya ɗauka. Wato abin da ya toshe muku kwata shi ne ainihin abin da kasuwa ba ta so, kuma matan gidanku, ko ba su faɗa ba, sun lura cewa buhun ledar nan babu mai zuwa nemansa.

Sai maganar suna, wadda ita ce ke ci mini rai. Mu ne muke rage wa garuruwan nan shara ba tare da an biya mu ko kwabo daga asusun gwamnati ba, amma sunanmu ya zama abin zagi, har uwa tana tsorata ɗanta da cewa idan bai yi karatu ba zai ƙare a bola. Ba zan ɓoye ba, akwai ɓata-gari a cikinmu. Akwai masu cire murfin kwalbati da wayar wuta, akwai masu shiga kango su kwance ƙofa, akwai dillalan da suke karɓar kaya daga hannun ƙaramin yaro ba tare da tambayar inda ya samo ba, har yara suka koyi ɗauke tukunyar uwarsu. Saboda irin wannan ne hukumar Abuja ta hana yawon jari-bola a cikin birnin a watan Janairun 2025, ta kuma rufe kasuwannin panteka, wato na tsofaffin ƙarafa da kayayyaki, na ɗan lokaci. A Borno ma an hana sana'ar a 2023, bayan an yi ta kashe masu shiga daji neman ƙarfe a yankunan da ke fama da rikici. Magidancin da yake jin waɗannan labarai, idan aka ce masa za a riƙa tara kaya a gidansa wani saurayi mai buhu yana zuwa ɗauka duk mako, abin da zai gani shi ne an ba baƙo dalilin sanin ƙofar gidansa da lokacin da ba ya nan. Ina jin zafin wannan zato, amma na san inda ya samo asali.

Shawarata ita ce ki nemi dillali ɗaya mai shago a unguwarku, wanda mai unguwa ya san shi, ku yi ciniki tun kafin a rataye buhu: me yake saye, nawa kilo, wace rana zai aiko. Ku murƙushe gorunan kafin ku zuba domin su rage cin wuri. Kuma ina roƙon kowa, kada a fasa batirin sola ko na mota a gida domin ciro dalma, gubarsa tana lalata ƙwaƙwalwar yara, a sayar da shi yadda yake.

Uwargida daga Kurna ta amsa:

Malama, ki yi haƙuri, ni ina cikin irin matan da kike magana a kansu, kuma ina so a ji ta bakinmu, domin duk lokacin da aka tashi wannan zance sai a ce rashin wayewa ne.

Ɗaki ɗaya da rumfa nake da su, da yara biyar. A rumfar nan nake girki, nan ake wanke-wanke, nan randa take, nan yara suke cin abinci. Idan aka ce in ƙara buhu biyu da bokiti, a ina zan sa su? Ragowar abinci a zafin watan Afrilu ba ya kai la'asar bai fara wari ba, ga ƙuda, ga kyankyaso, ga ɓera. Gwangwanin madara ko na tumatir idan ba a ɗauraye shi ba tururuwa ce za ta cika wurin, kuma ruwan ɗaurayewar a jarka nake sayensa daga mai kura. Duk wanda ya kawo tsarin ware shara, aikin a kan mace yake ƙarewa, ita za ta wanke, ta shanya, ta hana yara wasa da shi, ta kuma sha faɗan maigida idan ya shigo ya ga tarkace. Idan an sayar kuma sau da yawa yaron da aka aika ne yake riƙe canjin.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a fili ba. Shara sirrin gida ce. A cikinta akwai gashin da aka taje, akwai farce, akwai ƙyallen al'ada, akwai kwalin maganin da mutum ba ya so a san yana sha. Da yawa daga cikinmu an tashe mu da gargaɗin kada a bar irin waɗannan su faɗa hannun wani, saboda tsoron sammu. Ko mutum ya yarda da wannan ko bai yarda ba, a gidan haya da ake zaman haƙuri da juna babu wadda za ta so wata ta riƙa buɗe buhu tana duba abin da ta zubar, balle ta zo ta yi mata gyara a kai. Ina zaton lokacin da kika sami ƙunzugu a buhun robobi kika yi magana, ko da a hankali ne, wadda ta zuba ta ji kamar an tona mata asiri a gaban sauran. Takardu ma haka ne, ni ba na bayar da tsofaffin littattafan yara, domin akwai sunan Allah da ayoyi a ciki, kuma na sha ganin an ƙunsa ƙosai da irinsu. Gara in ƙona su da hannuna.

Ba na jin daɗin ganin kwata a toshe, ɗana na uku ya kwanta da zazzaɓin cizon sauro sau biyu a daminar bara. Kuma na san kunna gawayi da leda da muke yi yana da illa, domin ni nake shaƙar hayaƙin. Amma a kawo mana abin da zai shiga cikin ɗaki ɗaya da rumfa.

Ɗalibi a Jamus ya amsa:

Gaisuwa ga iyaye da yayye. Ina karatu a Jamus shekara ta huɗu ke nan, kuma tunda ana yawan kafa misali da ƙasar nan a wannan fanni, zan faɗi abin da na gani da idona.

Gaskiya ne ana ware shara sosai. A gidan da nake akwai mazubin takarda, da na ledoji da robobin da aka ƙunso kaya, da na ragowar abinci, da na sauran tarkace, sannan kwalabe a kai su wani wuri a unguwa a raba fari da kore da ruwan ƙasa. Amma wannan ya ginu ne a kan doka da kuɗi da kuma mota mai zuwa a ranar da aka ce za ta zo. Tun 1991 aka ɗora wa kamfanoni alhakin kwashe abin da suka ƙunso kayansu a ciki, kuma kuɗin wannan aiki yana cikin farashin kayan. A 2003 aka fara karɓar kuɗin ajiya a kan gorunan ruwa da gwangwanayen lemo, wanda yanzu santi 25 na Yuro ne a kan kowane ɗaya. Idan ka sha ka mayar kanti, ka zura a na'ura, ta ba ka takardar kuɗinka. Fiye da kashi 90 cikin 100 na irin waɗannan goruna suna komawa. Wanda ya ƙi mayarwa ma yakan ajiye a gefen kwandon titi, domin akwai tsofaffi da marasa galihu da suke bi suna tsinta, wato su ma suna da nasu 'yan jari-bolar.

Duk da haka akwai masu ƙi, kuma dalilansu sun yi kama da na Hajiya ta Kurna: ƙaramin ɗakin girki, wari da zafi, da rashin sanin wane abu ne na wane mazubi. A manyan gidajen haya inda ba a san wanda ya zuba ba, cakuɗawa ta fi yawa. Akwai kuma masu cewa wahalar banza ce, domin wani kaso na robar ƙona shi ake yi ko a tura wata ƙasa, zancen da ya ƙara ƙarfi bayan Sin ta daina karɓar sharar roba daga waje a 2018. Suna da hujja, domin ƙungiyar haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki, OECD, ta bayyana a 2022 cewa kashi 9 cikin 100 ne kawai na sharar roba a duniya ake sake sarrafawa.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne mu ma mun taɓa yin wannan tsari. Ina yaro idan aka aike ni sayen lemon kwalba, ko in je da wata kwalbar, ko in bar kuɗin kwalba a wurin mai shago sai na dawo da ita. Ban taɓa ganin kwalbar lemo a kwata ba a lokacin, kuma babu wanda ya yi wa unguwarmu wa'azi a kai. Da kamfanoni suka koma gorar roba sai suka huta da ɗawainiyar kwasowa da wankewa, ɗawainiyar ta dawo kan matan gida da samari masu shebur.

Mahauci daga Maraɗi ya amsa:

Ni nawa ɗan kaɗan ne. A mahauta muke ganin ƙarshen ledar da ake zubarwa. Akwai ranar da na yanka wata saniya da mai ita ya sayar da arha saboda tana ta ramewa alhali cikinta a kumbure yake. Da na farka tumbin, sai ga leda ta murɗe da igiya da tsumma ta zama dunƙule guda mai tauri, sai da na sa hannu biyu na ɗaga shi. Dabbar tana cin abinci amma babu inda zai zauna. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, musamman ga awaki da tumakin cikin gari da rani, lokacin da babu ciyawa suna bin juji suna lasar ledar da ke da gishiri ko mai.

A nan Nijar an yi doka tun 2014 da ta hana shigo da irin wannan leda da sayar da ita, amma ku zo kasuwa ku gani, ko barkono na dala biyar aka saya sai an ƙulla shi a leda, mai saye ma yana jin an raina shi idan ba a ba shi ba. Ni kaina da ita nake ba da nama. Ruwanda ta hana a 2008, Kenya a 2017, kuma can an bi dokar da hukunci mai tsanani. Malama, idan za ki sake magana da mutanen gidanku, ki fara da mai awakin nan, ki ce ya tambayi kowane mahauci abin da ake samu a tumbi. Wanda yake da dabba a gida yana saurin fahimtar wannan fiye da maganar kwalbati.

Malama daga Gwale ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba, tambayar da kuka yi ta wa zai ɗauka ta same ni, domin gaskiya ban tanadi kowa ba. Buhun ledar da ya cika a mako na uku, almajirin da yake mana aike na ba, kuma na tabbata bola ya kai shi ya juye tare da sauran, a gaban idon yaran gidan. Hajiya ta Kurna, maganarki ta yi mini nauyi amma na karɓa. Na tuna a tsakar gida na ɗaga ƙunzugun nan na tambayi ko na wane ne, kuma yau da safe na shiga ɗakin wadda abin ya shafa na ba ta haƙuri.

Jiya bayan an tashi daga makaranta na je wurin wani mai sayen robobi da ke bakin titinmu, wanda maigidana ya san mahaifinsa. Ya ce zai karɓi goruna da gwangwani da fasassun bokitai, ledar fiya wata ma zai karɓa idan busasshiya ce, amma baƙar leda ba ya so ko kyauta. Mun yi magana da mai gidan hayar ya yarda a ajiye buhu ɗaya a soro maimakon cikin gida, babu mai duba na wani, kuma ni da ɗana za mu riƙa kai shi duk ranar Asabar. Matan sun ce kuɗin a riƙa tarawa ana biyan mai kwashe shara da shi, wanda dama karo-karo muke yi masa duk mako.

Saura baƙar leda, wadda ita ce ta fi yawa a abin da aka ciro daga kwatarmu. Na fara zuwa cefane da jakar buhu da roba mai murfi ta niƙa, amma yara idan aka aike su da leda uku suke dawowa. Malam Dillali, idan aka wanke ta aka shanya aka tara ta kai kilo goma, akwai masana'antar da za ta karɓa a nan Kano, ko kuwa ko an wanke ba ta da mai saye?